Agogo biyu a wasa ɗaya: yadda dokokin lokaci ke juya akalar zari-ruga a jami'o'in Amurka

Me zai sa a yi wa koci ca a kafafen watsa labarai don kawai ya bar 'yan wasansa sun ci gaba da wasa, maimakon su durƙusa su zubar da damarsu da gangan? Me kuma zai sa masu tsaron gida su buɗe wa abokin hamayya hanya ya wuce ya ci su maki shida, kocinsu yana gefe yana murna? Wanda ya taso da kallon Firimiya ko Laliga zai ɗauka mutanen nan sun zautu ne. Amma duka biyun sun faru a ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka, wadda su can suke kira football, kuma duka biyun lissafin agogo ne.

Tun daga 2023 hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, take taɓa dokokin lokaci kusan duk shekara, kuma kowane taɓi sai ya tayar da ƙura. Masu kallo da yawa sun ɗauka maganar rage tsawon wasa ce kawai. Abin ya wuce nan, domin a wannan wasa dokar agogo ce ke yanke sau nawa kowace ƙungiya za ta riƙe ƙwallo, a nan kuwa nasara take kwana.

Wasan a taƙaice, don a ga inda agogo ya shigo

Kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da tela ke aunawa, wanda bai cika mita ɗaya ba. Masu kai hari, wato waɗanda ke riƙe da ƙwallo, ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci, sai a ba su sabon zubi na yunƙuri huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa galibi a yunƙuri na huɗu ake dirka mata ƙafa a aika ta can nesa. Shigar da ƙwallo gidan abokan hamayya maki 6 ne, da damar ƙarin 1 ko 2. Buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin turaku biyu maki 3 ne.

Yunƙuri yana farawa ne idan ɗan wasan tsakiya ya cilla ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga jagoran hari, wanda Amurkawa ke kira kwatabak. A nan za mu riƙa ce masa madugu, cillawar kuma mu ce mata tayar da ƙwallo. Duk jerin yunƙurin da ƙungiya ta yi daga karɓar ƙwallo har ta ci maki ko ta rabu da ita, shi ne farmaki ɗaya.

Agogo biyu ne, kowanne da aikinsa

Babban agogo shi ne na wasan baki ɗaya: zango huɗu, kowanne minti 15, jimla minti 60, da hutun rabin lokaci na minti 20 bayan zango na biyu. Yana ƙirgawa ne daga sama zuwa sifili, kowa yana ganinsa a allo. Babu alƙalin da zai ɗaga allo ya ce ya ƙara minti biyar. In ya kai sifili ana tsakiyar yunƙuri, za a bari yunƙurin ya ƙare, daga nan shi ke nan.

Ƙaramin agogo kuma shi ne ke hana masu kai hari zaman dirshan. Da zarar yunƙuri ya ƙare, suna da sakan 40 su tayar da ƙwallo. In kuwa alƙali ne ya tsayar da wasa, misali don hukunta laifi, ko hutu, ko canjin hannun ƙwallo, sakan 25 ake ba su. Wanda ya bari ya kai sifili sai a ja shi baya yadi 5. Tsarin sakan 40 ɗin ya shigo wasannin jami'o'i ne a 2008.

Ga inda dabara take. Yunƙuri ɗaya sakan biyar ne ko shida a mafi yawan lokuta, amma tazarar da ke tsakaninsa da na gaba tana iya zama sakan 12, tana iya zama 39, kuma masu kai hari ne ke zaɓa. Idan babban agogo yana gudu a cikin wannan tazara, to mai ƙwallo shi ke riƙe da linzamin lokaci. Ɓata lokacin da mai tsaron raga ke yi a ƙwallon ƙafa har a ba shi katin gargaɗi, a nan halal ne tsantsa, an ma rubuta masa iyaka.

Abin da ke tsayar da babban agogo, da lokacin da yake tashi

Sanin abin da ke tsayar da agogo rabin ilmin ne. Ɗaya rabin shi ne sanin yaushe zai ci gaba, domin tsayawa iri biyu ce. Akwai doguwa, wadda agogo ba ya motsi sai an tayar da ƙwallo. Akwai gajera, wadda da alƙali ya ajiye ƙwallo ya ba da alama agogo zai ci gaba, ko masu kai hari sun shirya ko ba su shirya ba.

Jifan da ba a cafe ba, wato ƙwallon ta faɗi ƙasa, doguwar tsayawa yake jawowa a kowane lokaci na wasa. Haka cin maki, da hutun da koci ya nema, da canjin hannun ƙwallo. Idan an kayar da mai ƙwallo a cikin fili kuwa, agogo ba ya tsayawa sam.

Biyu ne masu rikitarwa. Na farko, fita waje da ƙwallo a hannu: a yawancin wasa gajerar tsayawa ce, amma a minti biyun ƙarshe na kowane rabi ta zama doguwa. Na biyu, samun sabon zubi. Tun 1968 al'adar jami'o'i ita ce a tsayar da agogo na ɗan lokaci duk sa'ad da aka ci yadi 10, don masu riƙe da sarƙar awo su matsa gaba. A 2023 aka soke wannan, sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, inda har yanzu ake yin gajerar tsayawa. Gasar ƙwararru ta NFL ba ta da wannan tsayawa ko kaɗan, shi ya sa minti ɗaya a wasan jami'a ya fi minti ɗaya a NFL auki.

Daga nan kowa zai iya hango rabon aiki. Mai neman cinye lokaci zai riƙa gudu da ƙwallo a ƙasa, ya faɗi a cikin fili, ya jira ƙaramin agogo ya kusa ƙarewa. Mai neman adana lokaci zai riƙa jifa zuwa gefen fili, inda mai cafewa zai taka ya fita. Masu tsaro su ma sun san haka, sai su toshe gefe su bar tsakiya a buɗe, suna cewa zo ka ci yadi 8 ka biya da sakan 15.

Abin da ake ƙirgawa a zahiri: farmaki nawa ya rage

A wasa na yau da kullum kowace ƙungiya tana samun farmaki 12 ko kusa da haka. Ƙungiyar da ta fi ƙarfi tana son adadin ya ƙaru, wadda ta san an fi ta tana son ya ragu. Dalilin ba boyayye ba ne. A dambe, ƙaramin ɗan wasa yana iya yin sa'ar kisa a turmi ɗaya, amma in za a yi turmi ashirin sai ƙarfi ya nuna kansa. Kowane farmaki turmi ne. In an rage su zuwa bakwai ko takwas, kuskure ɗaya na babba ya isa ya kayar da shi.

Makarantun sojoji ne gwanayen wannan. Ba sa samun ƙattin da manyan jami'o'i ke samu, don haka suka rungumi gudu da ƙwallo a ƙasa, yadi uku, yadi huɗu, agogo yana ta zuba. A watan Disamba na 2004, makarantar sojojin ruwa ta Navy ta yi wa New Mexico farmaki ɗaya mai yunƙuri 26, ta ci yadi 94, ta cinye minti 14 da sakan 26, kusan zango guda cur. Maki 3 kawai ta samu a ƙarshensa, amma ba makin take nema ba: tana gaba, ta bar abokan hamayya suna tsaye a gefe har wasa ya zo ƙarshe. A 2018 kuma makarantar sojojin ƙasa ta Army ta je gidan Oklahoma, wadda ke cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa zuba maki a shekarar. Army ta riƙe ƙwallo sama da minti 44 cikin 60, Oklahoma ta samu yunƙuri 40 kacal, kuma sai a ƙarin lokaci ta sha da ƙyar da ci 28 da 21.

A ɗaya gefen akwai masu sauri. Chip Kelly a Oregon da Gus Malzahn a Auburn sun yi suna wajen hana 'yan wasansu taruwa a yi ƙus-ƙus kafin yunƙuri. Da an kayar da mutum sai a ruga layi a tayar da ƙwallo. Ba ƙara yawan farmaki kaɗai ake nema ba. Doka ta ce in masu kai hari suka canza ɗan wasa, dole alƙali ya tsaya kan ƙwallo har masu tsaro su ma su canza. In ba su canza ba, babu wannan jira, sai ƙaton mai tsaro mai kilo 140 ya maƙale a fili yana haki, yunƙuri bayan yunƙuri. Abin ya ishi wasu kociyoyi har a 2014 aka kawo shawarar hana tayar da ƙwallo a sakan 10 na farkon ƙaramin agogo. Nick Saban na Alabama da Bret Bielema na Arkansas suka mara mata baya da hujjar lafiyar 'yan wasa, masu sauri suka ce son kai ne, aka jingine ta.

Sauri yana da nasa haɗarin, kuma masu yabonsa sukan manta. Yunƙuri uku cikin gaggawa ba tare da cin yadi 10 ba yana nufin masu tsaronka sun huta minti ɗaya kacal sun koma fili. A zango na huɗu ake ganin sakamakon.

Lissafin durƙusawa

Idan ƙungiya tana gaba kuma lokaci ya yi ƙasa, madugu yakan karɓi ƙwallo ya sa gwiwa a ƙasa. Yunƙuri ya mutu ke nan, babu wanda zai fizge ƙwallon, agogo kuma yana gudu. Kowace durƙusawa tana cin sakan biyu, sai jiran sakan 40 a bayanta.

A ɗauka saura minti 2 cif, sabon zubi ne, abokan hamayya ba su da hutu ko ɗaya. Durƙusawar farko ta kai agogo 1:58, jira ya kai shi 1:18. Ta biyu 1:16, jira 0:36. Ta uku 0:34, kuma ƙaramin agogo yana nuna 40, don haka ba sai an sake tayar da ƙwallo ba. An tashi. Kowane hutu da ke hannun abokan hamayya yana goge jira ɗaya: in suna da ɗaya, kimanin 1:20 za a iya cinyewa; in biyu ne, kimanin sakan 40; in uku ne, durƙusawa ba ta da amfani, dole a nemi sabon zubi. Wannan jadawali kowane koci yana da shi a rubuce a takardar da ke hannunsa.

Duk da haka a watan Oktoba na 2023, Miami tana gaban Georgia Tech da ci 20 da 17, saura ƙasa da sakan 40, Georgia Tech ba ta da hutu. Durƙusawa ɗaya ta rage. Sai Miami, ƙarƙashin koci Mario Cristobal, ta miƙa wa mai gudu ƙwallo, ta suɓuce masa, Georgia Tech ta ɗauka. Cikin yunƙuri huɗu ta ci yadi 74, ta shiga gida saura sakan 1, ta yi nasara da ci 23 da 20. Ba wani zurfin tunani ake buƙata a nan ba, ƙidaya ce ta firamare, shi ya sa aka daɗe ba a daina maganar ba.

Juyin wannan shi ne cin makin da ke cutar da mai ci. A 2020 Penn State tana gaban Indiana da 21 da 20, ƙwallo na hannunta dab da gidan Indiana, saura ƙasa da minti biyu. Indiana ta buɗe hanya da gangan, mai gudu ya shige. Ci ya zama 28 da 20, tazarar maki 8, wadda farmaki ɗaya ke iya rufewa, kuma Indiana ta karɓi ƙwallo saura 1:42. Ta rama, ta ci a ƙarin lokaci 36 da 35. Da yaron ya ci yadi 10 ya zube kafin layi, da sauran aikin durƙusawa ne.

Hutun koci: yaushe ake kashe shi

Kowace ƙungiya tana da hutu uku a kowane rabi, kuma wanda ba a yi amfani da shi ba a rabin farko ba ya tsallakawa zuwa na biyu. Tun 2024 an ƙara wani na kowa da kowa, wanda ke zuwa da kansa idan saura minti biyu a zango na biyu da na huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɓoye hutu don a yi amfani da shi idan an karɓi ƙwallo. Hutu ya fi daraja a hannun masu tsaro, domin a nan yana ceto sakan 40 cif. A hannun masu kai hari sakan 10 zuwa 15 yake cetowa, tunda su da ma suna iya yin sauri, su fita waje, ko su yi jifa.

Ga misali. Ana binka maki 4, abokan hamayya suna da sabon zubi, saura 2:30, kowane gudu nasu yana cin sakan 5, bugun sallama kuma, wato dirka wa ƙwallo ƙafa a yunƙuri na huɗu, sakan 10. In ka kashe hutunka uku nan take, ɗaya bayan kowane yunƙuri, za ka karɓi ƙwallo saura 2:05, hutun minti biyu yana gabanka. In ka bari agogo ya gangara zuwa 2:00 bayan yunƙurin farko sannan ka kashe biyu, za ka karɓa saura 1:40 da hutu ɗaya a aljihu. In kuwa ka riga ka ɓarnatar da duka ukun tun a zango na uku, don madugu ya ruɗe ko an yi jinkirin aiko da umarni, saura sakan 20 za ka karɓa. Tazarar da ke tsakanin 2:05 da 0:20 ita ce farashin hutun da aka kashe don guje wa hukuncin yadi 5.

Akwai ɗan tarko guda. Kada a tsayar da agogo a 2:04 ko 2:03. Tunda ko yaya zai tsaya da an ratsa 2:00, ka ba wanda ke gaba damar yin jifa kyauta, domin ko ba a cafe ba bai yi asarar lokaci ba.

Irin wannan lissafi ne ke sa wanda ya ci ƙuri'ar buɗe wasa yakan zaɓi karɓar ƙwallo a farkon rabi na biyu. In ya iya tsara farmakinsa na ƙarshen rabin farko ya ci maki saura 'yan sakanni, sannan ya dawo daga hutu ya sake karɓa, ya yi farmaki biyu a jere abokin hamayya bai taɓa ƙwallo ba.

Sakan uku, sakan biyu, sakan ɗaya

Idan hutu ya ƙare kuma agogo yana gudu, madugu yana da izinin karɓar ƙwallo ya doka ta da ƙasa nan take. Ana lissafa shi jifan da ba a cafe ba: an yi asarar yunƙuri ɗaya, an sayi doguwar tsayawa. Amma yana da ƙa'ida. A wasan Rose Bowl na Janairun 2012, Wisconsin ta samu sabon zubi saura sakan 2, Oregon tana gaba da 45 da 38. Madugun Wisconsin, Russell Wilson, ya doka ƙwallo da ƙasa, lokaci ya ƙare kafin ta sauka. Daga 2013 aka rubuta ƙarara: in agogo zai tashi da alamar alƙali, sai akwai sakan 3 ko fiye za a iya doka ƙwallo a sake wani yunƙuri. In 2 ne ko 1, yunƙuri ɗaya ya rage, a yi shi kawai.

Sakan ɗaya kuma ya sha canza tarihi, tun da bidiyo ya samu ikon mayar da shi. A 2009 an mayar wa Texas sakan ɗaya a wasanta da Nebraska bayan agogo ya nuna sifili, ta buga maki 3 ta ci 13 da 12. A 2013 Alabama ta samu irin wannan sakan a gidan Auburn ana 28 da 28, ta gwada bugu daga yadi 57, ƙwallon ta gaza, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a can ƙarshen fili ya ruga da ita har ɗaya ƙarshen. Auburn ta ci 34 da 28. Da sakan ɗin bai dawo ba, da ƙarin lokaci za a je.

A ƙarin lokaci, af, ana kashe babban agogo gaba ɗaya. Da farko kowace ƙungiya tana samun ƙwallo a tazarar yadi 25 daga gidan abokan hamayya, ƙaramin agogo kaɗai ke aiki.

Kafa a doka, da yadda ake toshe ta

Yawancin ƙananan dokokin lokaci faci ne, kowanne da wasan da ya haife shi. A 2006 an yi dokar da ta ce agogo zai tashi da zarar ƙafa ta taɓa ƙwallo a bugun buɗewa, wanda ake yi a farkon kowane rabi da kuma bayan an ci maki. Bielema, yana Wisconsin a lokacin, ya ci maki saura sakan 23 a tafi hutu a wasansu da Penn State, sai ya sa 'yan wasansa suka riƙa tsallake layi da gangan, sau biyu, ana maimaita bugu agogo yana zuba. A shekarar da ta biyo aka janye dokar.

A ƙarshen 2010, a wasan North Carolina da Tennessee, North Carolina ba ta da hutu, 'yan wasanta suka cakuɗe a fili sun fi ƙima, madugu ya doka ƙwallo da ƙasa. Laifin ya jawo mata komawa baya yadi 5, amma ya bar mata sakan ɗaya, ta buga maki 3 ta rama, ta kuma ci a ƙarin lokaci. Daga 2011 aka kawo zaftare sakan 10: in ƙungiya ta yi laifin da ya tsayar da agogo mai gudu a ƙarshen rabi, abokan hamayya na iya cewa a cire sakan 10, sai dai in mai laifin ya fanshi kansa da hutu. Da minti ɗayan ƙarshe ya shafa, tun 2024 ya koma minti biyu.

Na baya-bayan nan da ya yi amo shi ne na Oktoban 2024. Oregon tana gaban Ohio State da 32 da 31, saura sakan 10, sai ta sa mutum 12 a tsaro. Jifa ya faɗi, aka hukunta Oregon yadi 5, amma sakan 4 sun tafi ba dawowa. Ciniki ne mai riba, domin lokaci Ohio State ke buƙata fiye da yadi. A yunƙurin ƙarshe madugun Ohio State, Will Howard, ya ruga ya zube, agogo ya kai sifili. Ba a cika mako ba NCAA ta fitar da fassarar da ta ba masu kai hari zaɓin a mayar musu da lokacin.

Sai kuma faɗuwar ƙarya, wadda masu kallon ƙwallon ƙafa ba baƙi ba ne gare ta. Masu tsaro in sauri ya ishe su sai ɗaya ya kama cinya ya zube. Tun 2025, in masu ba da agaji suka shiga fili bayan alƙali ya riga ya ajiye ƙwallo, za a cire wa ƙungiyar hutu ɗaya, in ba ta da shi a ja ta yadi 5.

Rigimar 2023: wa ya ci riba

Masu tsara doka sun ce manufarsu rage yawan karo. Wasan jami'a ya fi na NFL yawan yunƙuri, ga shi an faɗaɗa gasar fitar da zakara zuwa ƙungiyoyi 12 daga 2024, har Ohio State ta buga wasa 16 a kakar da ta ɗauki kofi. Ɗalibin da aka rage wa yunƙuri kaɗan a kowane wasa, in aka tara na kaka guda, an rage masa duka mai yawa. A 2023 ɗin ce kuma aka hana ƙungiya neman hutu biyu a jere, dabarar da ake yi don ruɗa mai bugu.

Masu suka sun ce an yanke nama an bar kitse. Ƙungiyoyi biyu sukan samu sabon zubi sau 40 ko kusa da haka a wasa, kowanne yanzu yana cin 'yan sakanni, jimlarsu minti kaɗan na ainihin wasa. Amma abin da ke kai wasan minti 60 ya haura awa uku shi ne hutun talla na talabijin, shi kuwa ba a taɓa shi ba, domin daga nan kuɗin jami'o'in ke fitowa. Chip Kelly, yana UCLA, ya yi gatse a wasansa na farko a ƙarƙashin dokar, yana fatan dai ana sayar da talla da yawa. A ganina masu sukar sun fi gaskiya kan batun tsawon wasa, masu doka kuma sun fi gaskiya kan batun karo. Kuskuren shi ne da aka bar jama'a suka zaci za su riƙa komawa gida da wuri.

A cikin fili, wanda ke gaba ya ƙaru, domin farmaki mai tsawo a zango na huɗu yanzu ya fi cin lokaci, wanda ke baya da maki 14 kuma dole ya fara sauri tun saura minti takwas ko tara, ba biyar ba. Ƙananan ƙungiyoyi masu jan wasa sun samu ɗan tagomashi. 'Yan benci sun yi asara, tunda su ne ke cin moriyar ragowar yunƙuri idan an yi wa wani kaca-kaca. Rukuni na uku na NCAA, inda ba a ba da tallafin karatu don wasa, ya ƙi bin dokar a 2023, sai a 2024 ya shigo.

A 2024 ɗin ne kuma aka halatta wa koci magana da ɗan wasa ɗaya ta rediyon da ke cikin hular kwano, kuma ana katse layin idan ƙaramin agogo ya kai 15, ko da an tayar da ƙwallo. Wannan ya raba sakan 40 gida biyu. Wasu ƙungiyoyi suna ruga layi da wuri, ba don su tayar da ƙwallo ba, sai don koci ya ga tsayuwar masu tsaro ya raɗa wa madugu abin da zai yi kafin a katse. Masu tsaro su kuma suna ɓoye ainihin tsayuwarsu har sai allo ya nuna 14, sannan su sauya.